Daga Rumfar Zaɓe Zuwa Rantsuwa: Wa Ke Tabbatar da Shugaban Ƙasa, Kuma Yaushe Magana Ke Ƙarewa?

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa majalisun hira a Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har tashar Kawo. In hukumar zaɓe ta riga ta sanar da wanda ya ci, me kuma ake nema a kotu? In kuwa kotu ce mai magana ta ƙarshe, don me ake rantsar da mutum tun ba ta yanke hukunci ba? Wani kuma ya ce ai wanda ya sha kaye bai amince ba, to da wane dalili za a miƙa mulki? Ruɗanin yana da tushe. Abubuwa huɗu ne mutane kan cuɗa wuri guda: sanar da sakamako, ba da takardar shaidar cin zaɓe, rantsuwar kama aiki, da hukuncin kotu. Kowanne da mai yin sa, kowanne da wa'adinsa, kuma a Najeriya ba sa zuwa a jeren da mutum zai fara zato. Da yake ana tunkarar zaɓen 2027, ya dace a warware su ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar da ƙuri'a ke bi

Sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ba a Abuja ake haifarsa ba. A rumfar zaɓe ake fara shi, kuma a zaɓen 2023 rumfuna 176,846 ne a faɗin ƙasar. Jami'in da ke kula da rumfa, wanda galibi ɗan hidimar ƙasa ne, zai ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, ya rubuta abin da kowace jam'iyya ta samu a takardar da ake kira EC8A, ya sa hannu da hatimi, wakilan jam'iyyu su sa nasu hannun, kowa ya karɓi kwafinsa. Daga nan takardar za ta tafi cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, sai ta ƙaramar hukuma, sai ta jiha. A jihar Kaduna wannan na nufin mazaɓu 255 da ƙananan hukumomi 23 kafin alƙaluman su haɗu a cikin gari. Wanda ke tattara na jiha, wanda aka saba ɗaukowa daga shugabannin jami'o'i, shi zai kai su Abuja ya karanta a gaban wakilan jam'iyyu da 'yan jarida.

Mutum ɗaya tak doka ta ba ikon ayyana wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa: shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a matsayinsa na babban baturen zaɓe. Abin da gidan rediyo ya karanto daga wata jiha, ko abin da ɗakin tattara bayanai na wata jam'iyya ya lissafa, ko hoton da ya zagaya a WhatsApp, duk ba su da nauyin doka ko da alƙalumansu daidai ne. An ga amfanin wannan ƙa'ida a Adamawa cikin Afrilun 2023, lokacin da kwamishinan zaɓe na jihar ya tashi ya ayyana wadda ta ci kujerar gwamna alhali ba shi ne baturen zaɓen ba, ba a kuma gama tattarawa ba. Hukumar ta ce sanarwar ba ta da tushe, aka ci gaba da tattarawa.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi zaɓen 2023, ta ba hukumar kwana 7 ta sake duba duk sanarwar da aka yi bisa tilas ko saɓanin doka. Bayan haka sai takardar shaidar cin zaɓe, wadda dokar ta ce a bayar cikin kwana 14. Da an bayar da ita, aikin hukumar zaɓe ya ƙare. Ba ta da ikon karɓe ta don wani ya yi ƙorafi. Kotu kaɗai ke iya haka.

A kan wannan hanya ce rigimar 2023 ta tashi. Na'urar BVAS, mai tantance masu zaɓe da yatsa ko fuska, ita ce kuma aka ce za ta ɗauki hoton takardar rumfa ta ɗora a shafin hukumar na intanet, IReV, don kowa ya gani tun a ranar. Na 'yan majalisa ya hau, na shugaban ƙasa ya yi jinkiri, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Wakilan PDP da Labour suka fice daga zauren tattara sakamako a Abuja, suna cewa an karya alkawarin da aka ɗaukar wa 'yan ƙasa. Da asubahin 1 ga Maris, shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ayyana Bola Tinubu da ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar na da 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Kwankwaso 1,496,687. Daga baya kotu ta ce dokar ta bar wa hukumar zaɓin hanyar aika sakamako, kuma shafin na kallo ne, ba a kansa ake tattarawa ba. Masu ƙara suka faɗi a wannan gaɓa ta fuskar doka. Amma ɓarnar da jinkirin ya yi wa amincewar jama'a ba abin da hukuncin kotu zai gyara ba ne, shi ya sa tun daga lokacin muhawarar wajabta aikawa ta intanet ta ƙi mutuwa.

Lissafin kashi ɗaya cikin huɗu

Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya isa. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin tarayya da Abuja. In babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, sai a je zagaye na biyu cikin kwana 21, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1999. Manufar ita ce kada wani ya hau kujerar da ƙuri'un yankinsa kawai, darasin da aka ɗauko daga Jamhuriya ta Farko, lokacin da kowace babbar jam'iyya take da yankin da ta mallaka.

Wannan lissafi ya kai ƙasar Kotun Ƙoli sau biyu. A 1979 jihohi 19 ne, Shehu Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a 12, a Kano kuma ya tsaya kusan kashi 20 cikin ɗari. Obafemi Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, kuma abin da Shagari ya samu a Kano ya cike wannan ɓurɓushi. Kotun Ƙoli ta karɓi hujjarsa a ranar 26 ga Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. A 2023 kuma Abuja ce ta zama abin jayayya, domin Tinubu bai kai kashi 25 a can ba. Masu ƙara suka ce Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta. Kotu ta ce a lissafa ta kamar jiha ta 37, domin ƙuri'ar mazaunin Abuja ba ta fi ta mazaunin Kafanchan ko Birnin Gwari daraja ba.

A kula da wani abu a shari'ar 1979: an yanke ta kafin rantsuwa. Tun bayan zaɓen 1999 ba a sake ganin haka ba.

Me ya sa ake rantsarwa ana cikin shari'a

Amsar lissafin kwanaki ce. Kundin tsarin mulki ya ba wanda bai yarda da sakamako ba kwana 21 ya shigar da ƙara. Ƙarar zaɓen shugaban ƙasa daga Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa, kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Kotun Ƙoli kuma tana da kwana 60. In aka haɗa, ana maganar wata takwas da 'yan kai. A ɗaya gefen, sashe na 132 ya ce kada a yi zaɓe da wuri fiye da kwana 150 kafin ƙarewar wa'adin shugaba mai ci, kada kuma a makara ya gaza kwana 30. Ke nan ko da an yi zaɓen a rana mafi wuri da doka ta yarda, wata biyar ne ya rage kafin 29 ga Mayu. Wata takwas ba za su shiga cikin biyar ba. A 2023 an yi zaɓe 25 ga Fabrairu, aka rantsar 29 ga Mayu, kotun farko ƙarƙashin Mai shari'a Haruna Tsammani ta yanke hukunci 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli ta rufe magana 26 ga Oktoba.

Hakan ma ci gaba ne. Kafin a sa wa'adin kwana 180 a gyaran 2010, ƙarar da Muhammadu Buhari ya shigar kan zaɓen 2003 sai a Yulin 2005 ta ƙare. Peter Obi ya shafe kusan shekara uku a kotu kafin ya karɓi kujerar gwamnan Anambra a 2006. Irin waɗannan hukunce-hukunce ne suka sa wasu jihohi ke zaɓen gwamna a lokacin da ba na sauran ƙasa ba.

Masu neman a gama shari'a kafin rantsuwa suna da hujja mai nauyi, kuma kwamitin gyaran zaɓe na Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa bayan ya amince da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya ba da wannan shawara tun 2008. Suna cewa wanda ya riga ya hau kujera tamkar wanda ya tare ne a gida ana tsakiyar shari'ar filin: jami'an tsaro a hannunsa suke, baitulmali a hannunsa, ya naɗa ministoci, ƙasashen waje sun yi masa murna. Alƙali kuma mutum ne, zai auna abin da zai biyo baya in ya ce a tashi. Suna kafa hujja da cewa kotu ta sha tsige gwamnoni, amma ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa ba a Najeriya, ko da a 2008 da alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da uku. Kwamitin Uwais ya kuma ba da shawarar a ɗora wa hukumar zaɓe nauyin tabbatar da cewa ta yi aikinta daidai, maimakon a bar mai ƙara da shi.

Masu ɗari-ɗari da shawarar ba su rasa abin faɗa ba. Na farko, gajarta lokaci mai ƙara zai fi cutarwa. Shi ne doka ta ce ya kawo shaida rumfa-rumfa, ya kuma nuna cewa saɓa ƙa'idar da aka yi ta kai ta sauya sakamako, ba wai ta faru kawai ba. A 2023 kotu ta yi watsi da bayanan wasu shaidu don ba a shigar da su tare da ƙarar cikin kwana 21 ba. In wannan wa'adi ya yi kaɗan, yaya wanda ya fi shi gajarta? Na biyu, in 29 ga Mayu ta zo ba a gama ba, wa zai riƙe ƙasa? Tsawaita wa mai ci wa'adi haɗari ne, gwamnatin riƙon ƙwarya kuma kundin tsarin mulki bai san ta ba. Wadda aka gwada a 1993, bayan Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni tun ba a gama sanar da shi ba, ba ta kai wata uku ba Janar Sani Abacha ya ture ta.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna sosai ba. Abin da zai haɗa su shi ne a matso da ranar zaɓe baya, a rage kwanakin shari'a, a kuma sauƙaƙa wa mai ƙara samun takardu daga hukumar. Amma biyun farko sai an gyara kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar rinjayen kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Gyaran dokar zaɓe kaɗai ba zai yi ba.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu

Kenya ta bi ɗaya hanyar. Kwana 7 ake da su a shigar da ƙara, kai tsaye a Kotun Ƙoli, ita kuma kwana 14 ta yanke hukunci, ba a rantsarwa sai ta gama. A Satumban 2017 kotun ƙarƙashin David Maraga ta soke nasarar shugaba mai ci Uhuru Kenyatta saboda yadda aka aika sakamako, aka sake zaɓe. Malawi ta yi makamancin haka a 2020, duk da cewa a can an riga an rantsar.

A Amurka, wadda labarinta ya fi yawo a kafofin yaɗa labarai, tsarin ya bambanta baki ɗaya. Babu hukumar zaɓe ta ƙasa da ke ayyana kowa. Kowace jiha ke tabbatar da sakamakonta, wakilan zaɓe 538 su kaɗa ƙuri'a a Disamba, mai 270 ya ci, majalisun tarayya su zauna ranar 6 ga Janairu su ƙirga a ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa, a rantsar ranar 20. Zaman na 6 ga Janairu an ɗauke shi al'ada ce kawai, sai a 2021 da magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisa don hana tabbatar da Joe Biden, bayan an matsa wa mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya ƙi karɓar ƙuri'un wasu jihohi ya ce ba shi da wannan iko. An koma zama cikin dare aka kammala. A ƙarshen 2022 suka gyara dokar, suka bayyana cewa aikin mataimakin shugaban ƙasa ƙirgawa ne kawai, ƙorafi kuma sai kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa ya sa hannu. A Janairun 2025 mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ce ta jagoranci zaman da ya tabbatar da Trump, wanda ya kayar da ita. Darasin da ya shafe mu shi ne mai tabbatar da sakamako ba alƙali ba ne. In aka bar shi ya zaɓi abin da zai karɓa, zaɓen ya koma hannun mutum ɗaya.

Kiran wayar da doka ba ta tanada ba

Babu sashen doka da ya ce sai wanda ya faɗi ya taya wanda ya ci murna. Ko ya kira ko bai kira ba, rantsuwa tana nan. Amma mutanen Kaduna sun fi kowa sanin abin da kwanakin da ke tsakanin kaɗa ƙuri'a da sanarwa ke iya haifarwa. An yi zaɓe ranar 16 ga Afrilun 2011. Tun kafin shugaban INEC na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ya yi sanarwar ƙarshe, sakamakon jihohi da jita-jita sun riga sun kunna wuta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, fiye da 65,000 suka bar gidajensu, kuma mafi yawan rayukan a jihar Kaduna aka rasa su: Zonkwa, Kafanchan, Matsirga, Zariya da cikin gari. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu, an ƙone masallatai da coci-coci. Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta sa'o'i 24, aka ɗaga zaɓen gwamna da kwana biyu, waɗanda suka tsira daga kudancin jihar kuma suka daɗe a sansanin alhazai na Mando.

Bayan shekara huɗu an shiga zaɓe da fargabar da ta fi ta baya. Baƙi sun kwashe iyalansu, 'yan kasuwa sun rage kaya a shaguna. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, kwamitin Janar Abdussalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah ya yi ta zirga-zirga tsakanin 'yan takara. Ranar 31 ga Maris 2015, bayan wakilin PDP Godsday Orubebe ya tayar da hayaniya a zauren tattara sakamako Jega ya ƙi biye masa, Goodluck Jonathan ya kira Buhari ya amince da kaye tun ba a yi sanarwar ƙarshe ba. Karo na farko ke nan da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Najeriya ya miƙa wa ɗan adawa.

Shin wannan na nufin kowane wanda ya faɗi ya haƙura? Nan ma ra'ayi biyu ne. Wasu na ganin rai ya fi kujera, don haka a rungumi ƙaddara. Wasu na cewa matsa wa ɗan takara ya yi shiru lada ne ga mai maguɗi, kuma zuwa kotu haƙƙi ne da kundin tsarin mulki ya bayar, shi ne ma hanyar da ke janye mutane daga titi. Ghana ta nuna ana iya haɗa biyun: Nana Akufo-Addo ya kai ƙara kan zaɓen 2012, ya faɗi a Agustan 2013, ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓe shi, ya dawo ya ci a 2016. Abin da ke kashe mutane ba ƙin amincewa ba ne, yadda ake furta shi ne da inda ake tura magoya baya. Amincewar ma ba ta da tabbas ita kaɗai. Yahya Jammeh na Gambiya ya amince da kaye a Disamban 2016, bayan mako guda ya janye, sai da dakarun ECOWAS suka matso ya fita. A Nijar kuwa Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum lami lafiya a Afrilun 2021, sojoji suka karɓe a Yulin 2023.

Abin da ke isa ga mai ƙuri'a

Miƙa mulki ba bikin dandalin Eagle Square na Abuja kaɗai ba ne, inda Alƙalin Alƙalai ke ba da rantsuwa. Aiki ne na takardu: basussuka, kwangilolin da ba a gama ba, bayanan tsaro, kuɗin da ke asusu. A 2015 kowane ɓangare ya kafa nasa kwamiti, na Buhari ƙarƙashin Ahmed Joda, aka yi ta ƙorafin cewa bayanan ba su zo da wuri ba, ministoci kuma sai a Nuwamba aka rantsar da su. A 2023 Buhari ya kafa majalisar miƙa mulki ƙarƙashin sakataren gwamnati Boss Mustapha tun kafin zaɓe, an kuma gyara kundin tsarin mulki ya wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60. Ga ɗan kwangila mai jiran biya ko ma'aikacin da fayil ɗinsa ke kan tebur, waɗannan kwanaki su ne bambancin. Sabon shugaba kuma yana da cikakken iko daga lokacin da ya yi rantsuwa, ko da shari'a na gaba. Maganar janye tallafin mai a jawabin 29 ga Mayun 2023 ta ninka farashin fetur fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, wata biyar kafin Kotun Ƙoli ta ce komai.

Tsohon taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" yana da gurbi a doka, amma da iyaka. Mai zaɓe na iya tsayawa cikin lumana ya ga ƙirga, ya ɗauki hoton sakamakon da aka manna. Rakiya zuwa cibiyar tattarawa aikin wakilin jam'iyya ne mai ɗauke da shaidar hukumar. Yaɗa sakamakon da mutum ya san ƙarya ne laifi ne da dokar 2022 ta tanadar wa ɗaurin shekara uku. Idan kuma ƙuri'un da aka kaɗa a rumfa suka zarce yawan waɗanda aka tantance, ana soke rumfar gaba ɗaya, har da ƙuri'un waɗanda suka bi layi da gaskiya. A jihar Kaduna, inda aka ci kujerar gwamna a 2023 da tazarar da ba ta kai ƙuri'u 11,000 ba, rumfuna kaɗan da aka soke a Igabi ko Chikun sun isa su kai zaɓe ga "bai kammala ba". Jam'iyyar da wakilinta ya bar rumfa bai karɓi kwafin EC8A mai sa hannu ba, in ta je kotu cikin kwana 21 ɗin nan, da takardar da hukumar zaɓe ta ba ta kaɗai za ta ƙalubalanci hukumar zaɓe.